Shekaru Goman da Ba Su da Albam

A ƙarshen 2004 Kawuna ya dawo daga Umara da tsarabar da ta tayar da ƙura a gidanmu. Sauran 'yan'uwa sun samu abin da aka saba samu, carbi da dabino da hula da turare. Ni kuwa ɗaki ya kira ni, ya tura ƙofa, ya miƙo mini wani ɗan kwali. Ya ce, "Kai ne ɗan boko, kai za ka iya da ita. Amma ka ji da kyau, ta gida ce, ba taka ba ce." Kyamarar dijital ce, ƙirar Japan, launin azurfa, girmanta bai wuce sabulun wanka ba. An rubuta megafiksel 3 a goshinta. A cikin kwalin akwai igiyar haɗa ta da kwamfuta, da littafin bayani mai harsuna kusan goma wanda babu namu a ciki, da wani ɗan kati na megabait 16 da hoto ashirin ke cika shi.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na ɗauki fanka, na ɗauki takalmina, na ɗauki kyanwar maƙwabta a kan katanga. Abin da ya fi tafiya da hankalina shi ne ɗan gilashin da ke bayanta, kamar kwalin ashana: ka danna, ka juya, sai ga abin da ka ɗauka yana kallonka. Yaron da ya buɗi ido ya ga waya a hannun uwarsa ba zai gane girman wannan ba. Mu da ake ɗauka ranar Sallah, sai bayan mako guda mai hoto ya dawo a kan kekensa mu tarar ashe ido a rufe muka fito, a wurinmu wannan sha yanzu ne magani yanzu.

Washegari na nufi sashen kakata, wadda duk gidan ke kira Iya. Na same ta a kan tabarma a bakin ƙofarta, tana tsince wake a faifai. Na ce, "Tsohuwa, gyara kallabi, yau mijinki zai ɗauke ki hoto." Ta ce, "Tafi can, miji ba cefane." Ta dai ajiye faifan, ta gyara ɗaurin, ta karkaɗe zani, ta ɗaure fuska irin yadda mutanen zamaninsu ke yi wa kyamara. Na danna, na durƙusa na nuna mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta kai kusa da ido, ta janye, ta sake matsowa da ita.

"To, na gani. Ina hoton?"

"Ga shi nan kina kallo, Iya."

"A'a. Wannan ai madubi ne. Ni hoton nake so, wanda zan sa a adakata."

Na yi dariya na ce zan wanko mata. Ta rasu da daminar 2006. A tsakanin nan na ɗauke ta ya fi sau talatin, tana alwala, tana raba goro ranar suna, tana faɗa da jikoki a kan rediyonta. Ko ɗaya ban wanke ba, kuma ko ɗaya bai rage ba. Hotonta biyu ne a duniya yanzu: wani baƙi da fari da aka ɗauka a situdiyo tun kafin a haife ni, tana tsaye kusa da tulun furen roba, da hatimin mai hoton a baya, sai kuma ɗan fasfon da ta yi lokacin tafiya Hajji.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin sakacina ni kaɗai, ina jin kunyar faɗa. Sai da na fara tambayar abokai na ga ashe muna da yawa. Ka shiga gidan da ka ga dama, ka ce a ɗauko maka albam. Za ka ga auren iyaye, ka ga yaye, ka ga saukar karatu da hula da allo, ka ga 'yan makaranta sun jeru da malaminsu a tsakiya. Kana ta buɗawa har wajen 2002 ko 2003, sai ledojin su fara zuwa wayam. In ka tambayi abin da ya biyo baya, amsar ɗaya ce: yana cikin wata kwamfuta da ta lalace, yana kan wani faifai da ba a san inda yake ba. Shekarun da muka fi kowane zamani kafin su ɗaukar hoto su ne suka fi ƙarancin hoto a gidajenmu. Abin da nake gani shi ne, ƙaramar kyamarar nan ta sauke wani nauyi daga kan mai sana'a ta ɗora mana ba tare da mun sani ba, nauyin ajiya, kuma har yau babu wanda ya tsaya ya ce ya ɗauka, daga magidanci har hukuma.

Waɗanda suka ƙera na'urar, hankalinsu na kan wata matsala daban. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya harhaɗa ta farko. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, hoton baƙi da fari ne mai ɗigo dubu goma kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. Shekara ashirin bayan haka, a 1995, Casio ya fitar da QV-10, wadda ta kawo wa masu saye gilashin baya, wato madubin da Iya ta raina. A 1997 Sony ya zo da Mavica mai rubuta hoto a kan faifan fulofi, a 2000 kuma Canon ya fitar da IXUS da ke shiga aljihun riga. Duk tseren a kan abu biyu ake yin sa, a gani nan take kuma a ƙara yawan ɗigo. Maganar inda hoton zai kwana bayan shekara ashirin, kowane kamfani ya ja nasa layin. Wannan ya yi katin ajiya na CompactFlash, wancan SmartMedia, Sony ya ce sai Memory Stick ɗinsa, Olympus da Fujifilm suka haɗa kai suka fito da xD a 2002. A ƙarshe katin SD ya cinye kasuwa. SmartMedia bai taɓa wuce megabait 128 ba aka daina yin sa. Wanda yake da irin waɗancan katunan a durowa, ya je Farm Centre ko titin Beirut a Kano ya nemi abin karanta su, zai sha kallo kafin ya samu.

Ita kanta kyamarar tana da halayenta, kuma duk wanda ya riƙe irinta ya san su. Ga cin batir kamar gara. Batir ɗan yatsa biyu take ɗauka, in ka sa mata na mai tebur, hoto biyar ko shida za ka yi sai alamar ta koma ja, idonta ya shige ciki, ta yi shiru. Na koyi cire su in murza a tafin hannu in mayar, a samu ƙarin hoto ɗaya. Daga baya na sayi masu caji, sai kuma matsalar ta koma jiran a kawo wuta. Ga nawa. Ka danna yanzu, sai ta gama tunaninta sannan ta ɗauka. Na je Hawan Daushe da ita a cike da buri, na kutsa har gaba a Ƙofar Kudu, na dawo gida da wutsiyar doki goma sha ɗaya da ƙura da ƙeyar wani dogari. Da dare kuwa, in walƙiyarta ta haska, kowa sai ya fito da jajayen idanu kamar an kama mage a rumbu. A kusurwar kowane hoto tana buga kwanan wata da ruwan lemo, kuma da yake duk sanda batir ya jima a cire sai agogonta ya koma farko, rabin rayuwata ta wancan lokacin ta faru ne ranar 1 ga Janairu.

Amma halin da ya fi yi mana illa shi ne wanda muka fi so, wato maɓallin gogewa. Da fim, hoto 24 ko 36 gare ka, wanda ka ɗauka ya ɗauku, ko ya yi kyau ko bai yi ba. Da wannan kuwa, kana ɗauka za a yanyame ka. "Mu gani, mu gani!" "Kai, goge, ban shirya ba." "Wallahi sai ka goge, ka ga bakina?" Ƙawayen amarya sun fi kowa iya wannan hukunci. Ga kati ƙarami, in ya cika a tsakiyar biki dole ka tsaya gefe ka zaɓi wanda za ka yanka. Wa za ka yanka? Ba za ka goge ango da abokansa ba. Tsohuwar da ke tsince wake za ka goge, da yaran da ke wasan langa, da masu tuƙa tuwo a bayan gida, domin a ganinka waɗannan kullum suna nan, gobe ma ka sake ɗauka. Hotunan da na fi nema yau, da yatsana na share yawancinsu, ina sauri kada a gama kamu ban samu wuri ba.

Kafin zuwanta, akwai mutum guda da wannan aiki yake wuyansa. Mai hoto. Kowace unguwa ta san nata. Yana zuwa biki ko suna ko walima da kyamara a rataye da jaka a kafaɗa, ba ya jiran gayyata. Ya ɗauka, ya rubuta a ɗan littafinsa wa ke son kofi nawa, ya kai wanki, bayan kwanaki ya dawo da ambulan yana bi gida gida. Ba waliyyi ba ne, wani lokacin ya ɓatar maka, wani lokacin ya kawo maka hoton wasu. Sai dai tsarin sana'arsa ya tilasta masa abu ɗaya: ba ya cin ko kwabo sai ya danƙa maka takarda a hannu. Cikinsa ne ya sa muka samu albam. Nagatif kuma yana wurinsa, ko bayan shekaru ka koma ka ce a ƙaro maka. A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe situdiyonsa a 1948, ya riƙa ɗaukar mutanen gari da kayan adonsu yana adana nagatif dubbai. Bayan shekaru arba'in da wani abu aka ciro su aka wanke, yau ana baje su a manyan gidajen tarihi na duniya. Shi a lokacin neman abincinsa yake yi.

Na tuna bikin wata 'yar Gwaggona a 2005. Mai hoton unguwar, dattijo mai furfura a gemu, ya ga mata sun bar shi sun kewaye ni. Ya matso ya ce, "Samari, ita wannan ta ina ake sa mata fim?" Na ce masa, da 'yar taƙama, "Baba, ai ba ta cin fim." Ya jujjuya ta a hannunsa ya miƙo mini, ya ce, "To abin da ba ya ci, me zai haifa?" Ranar hoto huɗu kawai aka ce ya ɗauka, na iyaye. Ni na ɗauki sama da ɗari, domin lokacin na sayi babban kati. Waɗannan huɗun su ne a bangon ɗakin amaryar har yanzu, 'yarta ta fari ma ta yi aure.

Yadda nawa suka salwanta ba wani labari ne mai ban mamaki ba, kuma shi ya sa yake ba ni tsoro. Babu gobara, babu ɓarawo. Ba mu da kwamfuta a gida, sai in je kafe a juye mini a faifan CD, ko in zuba a kwamfutar wani abokina. Kwamfutar abokin ta kamu da bairos, mai gyara ya ce sai an yi mata fomatin, aka yi, ba wanda ya tuna da foldata. Faya-fayan na jera su a leda a saman kwaba, ƙarƙashin rufin kwano, suka sha zafin bazara shekara da shekaru. Ranar da na ɗauko su, azurfar bayansu tana ɓarewa kamar fatar albasa. Na sayi laftof a 2007 na tara ragowar a ciki, wata safiya ta fara ƙara ƙas-ƙas-ƙas, shi ke nan. Waɗanda na aika wa 'yan'uwa ta imel kuwa, akwatin na daina buɗe shi, da na koma an rufe. Kowane mataki a lokacinsa ƙaramin abu ne. Ban taɓa zama na ce yau na yi asara ba. Sai da ƙanwar mahaifiyata ta ce in kawo hoton Iya a nuna wa yaran da ba su san ta ba, na shiga lalube.

Kada a ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ba ina kiran a koma fim ba ne, kuma zalunci ne in ƙi faɗar alherin da kyamarar ta kawo. Babba a ciki shi ne ta shiga inda mai hoto ba ya shiga. A gidaje irin namu, baƙon namiji iyakarsa zaure. Ko da ɗan gida ne ya ɗauki hoto a ciki da fim, dole fim ɗin ya bi ta hannun masu wanki, samarin da ba ka sani ba su ƙare wa matan gidanku kallo. Saboda haka da yawa ba sa yarda a ɗauke su sam. Da dijital ta zo, yayyena mata suka karɓe ta suka shige da ita ɗaki, suka ɗauki ƙunshi da kitso da jeren amarya da hirar tsakar gida, rayuwar da albam ɗin da bai taɓa gani ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin takaicin shi ne, wannan ɓangaren da aka fara ɗauka a karon farko shi ya fi ɓacewa, domin shi ne ba a yarda a kai kafe ko wurin wanki ba. Ya zauna a kati har aka goge shi don bikin gaba.

Na kuma san takarda ma ba ta dawwama. Gara tana ci, ɗigon damina yana manne ta da leda, wankin araha yana komawa ja kamar an jiƙa shi da zoɓo, araha dai ba ta ado. To amma takarda a gabanka take tsufa, kana ganin gefenta ya fara ci ka ɗauki mataki, kuma hoton da ya koɗe rabi har yanzu ana gane hancin kakanka a ciki. Fayil kuwa jiya lafiyarsa ƙalau, yau ya ƙi buɗewa, babu sallama. Akwai kuma waɗanda ke da damuwa ta addini a kan ajiye hoto da rataye shi. Wannan fagen malamai ne, ban zo da fatawa ba. Maganata da wanda ya riga ya ɗauki hoton ne yana zaton ya ajiye.

Dalilin da ya sa na ce abin ya wuce na cikin gida shi ne shekarun da ya faɗa a kansu. Ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, ta ƙirga kyamarorin dijital kusan miliyan 121 da kamfanoninta suka fitar a 2010. Zuwa 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba, waya ta cinye kasuwar. Kodak, inda aka haifi abin, ya shiga kotu neman kariyar fatara a Janairun 2012. Wato ƙaramar kyamara ta yi zamaninta a hannun talakawa cikin shekara goma zuwa sha biyar ta wuce. A cikin waɗannan shekarun ne wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, 'yan mata da samari suka kafa lema da tebur a bakin titi ana biya a buga waya. A cikinsu aka fito da takardar naira dubu a 2005. A Maris ɗin 2006 aka yi ƙidaya, kwana kaɗan bayanta, ranar 29 ga wata, aka yi husufin rana da ya rufe Gusau da Katsina da Maraɗi ruf da hantsi. Na ɗauki hotunan ranar, ba na rana ba, domin kyamarata ba ta iya ba, na mutanen unguwa sun kewaye bahon ruwa suna leƙe, masallaci ya cika. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa. A farkon 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, garin ya canza kama da ƙara cikin 'yan kwanaki. Hoton gwamna yana yanka zare ba zai ɓata ba, akwai wanda ake biya ya adana. Amma yadda titi yake da ƙarfe biyu na rana, da irin ɗinkin da mata ke yayi, da abin da ke kan teburin mai shayi, waɗannan a katunan irinmu suke, mu 'yan koyo da muka yi ta ɗauka barkatai.

Ka shiga Gidan Makama a Kano ko Arewa House a Kaduna, za ka ga hotunan zamanin Turawa da na Jamhuriya ta Farko a jere, wasu sun haura shekara ɗari. Sun iso gare mu ne saboda takarda ne da nagatif, wani ya sa a akwati ya manta, akwatin ya jira. Ina tambayar kaina abin da za a rataya a bangon nan a madadin 2005. Kuma ba gidaje kaɗai abin ya shafa ba. Makarantu nawa ne suke da hoton ɗaliban da suka yaye a 1985 a ofishin shugaba, amma ba su da na 2008? Ƙungiyoyin unguwa, ƙananan hukumomi, har gidajen jarida, da yawa sun sayi irin kyamarata a lokacin, aka ba wani ma'aikaci, ya zuba a kwamfutar ofis, aka canza masa wurin aiki, aka yi gwanjon kwamfutar.

Za a ce ai wannan matsalar da ce, yanzu komai yana hawa intanet da kansa. Ni ma na so in yarda. Amma rumbun intanet ɗakin haya ne, mai gida kuma yana canza sharaɗi ranar da ya ga dama. A 2019 dandalin sada zumunta na MySpace ya sanar cewa ya yi asarar abubuwan da mutane suka ɗora cikin shekaru sama da goma, wajen sauya rumbu. A shekarar dai shafin ajiye hotuna na Flickr ya taƙaita masu asusun kyauta a kan hoto dubu ɗaya. Google ya daina ba da wurin ajiyar hoto kyauta mara iyaka a Yunin 2021, daga Disambar 2023 kuma ya ba kansa damar share asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba. Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin intanet ɗin kanta, ya yi gargaɗi a 2015 cewa ƙarninmu na iya zama duhu ga masu zuwa, ya kuma ba da shawarar mutum ya wanke hoton da yake ji da shi. In mai ginin ya ce ka riƙe takarda, ni wa? Ballantana a nan, inda yawancinmu mai shagon waya ne ya buɗe mana imel ya ƙirƙiro kalmar sirrin da shi ma ya manta, inda ake ƙwace waya a lungu da magariba, inda hoton biki yake yawo a WhatsApp ana matse shi har fuska ta dagule.

Sai maganar mutuwa, wadda ba mu cika son haɗa ta da waya ba. In mutum ya rasu aka zo rabon gado, ana buɗe akwati a ga albam, 'ya'ya su zauna su raba ko su bar wa babba. Ban taɓa jin an karanta kalmar sirri a wurin rabon gado ba. Na ga wayar mamaci a hannun iyalinsa, a kulle, hotunan 'ya'yansa tun suna jarirai a ciki, ƙarshenta aka kai kasuwa aka wanke ta tas don ƙaninsa ya samu ta riƙewa. A bakinmu kalmar ɗaya ce, wanki. Da in an wanke hoto fitowa yake yi, yanzu in an wanke waya tafiya yake.

Abin da nake kira gare shi ba ya buƙatar kwamiti. Situdiyoyin nan ba su mutu duka ba, suna nan suna fasfo, kuma suna wanke hoto daga waya cikin mintuna. Magidanci ya ware hoto ashirin kowace Babbar Sallah ya kai, kuɗin bai kai na kayan miyan ranar ba. Kada ya zaɓi na kwalliya zalla, ya sa na tsakar gida, da na tsofaffi a zaune yadda suke. Ya juya baya ya rubuta suna da wuri da shekara da biro, domin hoton da ba a san ko wane ne ba shi ma rabin ɓatacce ne. Wanda ya fi wannan gaggawa shi ne na waɗancan shekaru goman. Har yanzu akwai katuna da faya-fayai da matattun kwamfutoci a ƙarƙashin gadaje waɗanda za a iya ceto wani abu daga cikinsu, amma kowace bazara tana rage su. Hukumomin tarihi da al'adu na jihohi da sassan tarihi na jami'o'inmu za su iya sa mako guda a shekara su ce kowa ya kawo, a juye masa kyauta, a ba shi nasa, a roƙi izininsa a ajiye na titi da kasuwa da hawa, na cikin gida kuma ya koma da abinsa. Kayan aikin kwamfuta biyu ne da abin karanta kati iri iri da ɗalibai masu haƙuri. An kashe abin da ya ninka wannan a kan taron ƙaddamar da kalanda.

Watan jiya ɗiyar Yayata, mai shekara goma sha tara, ta zo gaishe ni. Bayan an gama gaisuwa ta yi ta murza gefen mayafi, sannan ta ce, "Kawu, wai Umma ta ce kana da tsohuwar kyamara irin ta da?" Ashe yayinta ya dawo. 'Yan zamaninsu sun gaji da hoton waya mai santsi, suna neman irin namu mai hatsi-hatsi da jan ido da kwanan wata a kusurwa, har farashin tsofaffin ya tashi. Abin da muka yi ta jin haushi shi suke biya su samu.

Na lalubo ta a ƙasan akwatin takarduna, igiyar kwamfutar ta daɗe da ɓata. Muka aiki yaro ya sayo batir. Na danna, ta yi shiru, sai can idonta ya turo kai waje da 'yar ƙarar nan da na manta na sani. Ta nemi a sa mata kwanan wata, tana nuna 1 ga Janairu. A katin akwai hoto tara, na wajen 2008: jadawalin jarrabawa a jikin allo, ragon layya ta fuska uku, wani babur da na so in saya. Na ƙarshen kamar kuskure ne, hannu ya taɓa maɓalli. Tsakar gidanmu ne a karkace, kafin a yi siminti, ga turmi a kife, ga igiyar shanya, ga ƙofar ɗakin Iya a rufe da ɗan kwado.

"Kawu, ka turo mini wannan ta WhatsApp."

Na ce ta bari tukuna. Na ba ta kyamarar, na zare katin na sa a aljihun gaba. Da yamma na kai shi situdiyon bakin titinmu. Yaron shagon ya ɗaga shi sama yana dubawa, ya gwada a ramuka uku na na'urarsa, bai shiga ko ɗaya ba. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ya girme ni. Amma maigidana yana da wani tsohon abin karantawa a gida, in bai jefar ba. Ka dawo ranar Alhamis."